Ɗan Kunne Ɗaya Daga Bakin Tafki

Zuwa ga Akmaral, barewata ta kan tsauni, hasken da ke riga rana fitowa a idona, ruwan sanyin da na sha sau ɗaya ƙishinsa ya ƙi barina. Ya ke mai murya irin ta rafi ranar da ƙanƙara ta fara narkewa, mai dariyar da ke sa mutum ya manta abin da ya zo faɗa! Ina gaishe ki gaisuwar ɗaurarre, wanda ke hango hanyar gidanku da idonsa amma ƙafarsa ta ƙi kai shi.

Na san kin cika kin batse. Na san tun jiya kike tashi daga kan keken ɗinki duk lokacin da kare ya yi haushi a layinku, kina ɗaga labule, kina komawa ki zauna. Na kuma san yayarki tana gefe tana haɗa akwati tana cewa ai dama ta faɗa. Don Allah, sanyin idona, kafin ki yanke mini hukunci ki karanta wannan har ƙarshe.

Ban ga laifin mahaifinki ba. Ya ce ba zai hana 'yarsa aikin ɗinki a Mosko saboda daɗin bakin saurayi ba. In na zo da kaina, da dattawana, aka sa miki 'yan kunnen baiko kafin Juma'a, kin zama tamu, kin zauna. In ban zo ba, ki bi yayarki, dawowa kuma sai shekarun da Allah ya yi. 'Yan kunnen gidanmu kuwa kin san inda suke, suna kunnen Kaka Sairagul a bakin tafkin Kok-Kol, inda take tare da garke tun farkon bazara. Na ce miki kwana ɗaya ne kawai, in hau Litinin in sauko Talata. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa.

Tun daga gadar da mota ke tsayawa nake tafe da ke a raina. Kin tuna bara, da muka hau da ƙannenki kai wa Kaka gishiri da gari? Kin tuna yadda numfashi ya ƙi isarki a mashigar dutse, kika zauna a kan jakata kika rantse ba za ki ƙara taku ɗaya ba, wai in na ga dama in je in ɗauko tafkin in kawo miki? Washegari da safe kika fito daga bukka da bargo a kafaɗa, kika ga ruwan nan shuɗi shar, duwatsu sun kifa fuskarsu a ciki, kika yi shiru, ke da ba kya shiru. A nan ne Kaka ta zo ta kama kunnenki da yatsu biyu, ta juya shi, ta duba hujin, ta sake ki. Kika yi ja har wuya. Ni kuwa tun ranar ban ƙara zama nawa ba.

Na iso da yamma. Da na faɗa wa Kaka abin da ya kawo ni, sai ta rufe fuska da gefen ɗankwalinta tana kuka tana dariya. Baffa Toktosun yana zaune yana gyaran linzami, bai ce uffan ba, ya miƙe ya fita. Kaico, da na san abin da shirun nan ke nufi, da tun da asuba na sulale!

Da safe na ɗaure jakata, sama garau sai ɗan gajimare guda a kan mashiga. Ina fitowa na tarar da Baffa a bakin ƙofa riƙe da baƙin rago, ya buɗe tafin hannu yana jiran a yi addu'a. Ashe tun daren ya zaga duk bukkokin da ke kewaye da tafki ya gayyato mutane. Na roƙe shi, na nuna masa gajimaren, na ce masa Juma'a ba ta jira. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Wato za ka ɗauki zinaren gidanmu ka gangara da shi babu albarkar dattawa, kamar ɓarawo? Ajiye jakar nan, yaro."

Ke ma kin sani, Akmaral, wa ya isa ya ce a mai da rago garke bayan an kawo shi bakin ƙofa dominsa? Na ajiye. Nama kuwa a saman nan ba ya nuna da wuri, tukunya na tafasa shi yana nan kamar fata. Aka sha shayi, aka sha nonon goɗiya, aka ƙara shayi. Wani tsoho ya ɗauko labarin aurensa tun daga dokin da ya ara. Ni ina zaune can kusa da ƙofa, ina murmushin dole, ina kallon gajimare ɗaya ya zama goma. Da aka kawo kan ragon, babban dattijo ya yanko kunne ya miƙo mini, wai don in zama mai jin maganar manya. Ai kuwa na ji, ga inda ta kai ni. Kafin na ƙarshensu ya gama tasa addu'ar a shafa, dusar ƙanƙara ta fara sauka.

Duk da haka na fita. Kaka ta riƙe rigata na zame. Ban kai mashiga ba hanya ta ɓace, ko'ina fari fat, ƙafata ta faɗa tsakanin duwatsu biyu da dusar ta rufe, na ji ƙas. Baffa ne ya biyo sawuna da doki ya ɗauko ni kamar buhun gari. Yanzu ga ni kwance, idon sawuna ya kumbura ya yi suntum, an naɗe shi da kitsen ragon nan da ya tsare ni.

Wayyo Akmaral! Tafkin da ya sa ki shiru bara ya koma launin toka, duwatsun da muka yi wa dariya sun zame mini bango ta ko'ina. Waya babu sabis, na ɗaga ta sama har hannuna ya gaji. Ina jin tsuntsaye suna wucewa suna yin ƙasa, wajenku, ina jin haushinsu. Me suka fi ni da shi? Wa ke jiransu a can da ya kai ki? Tsoro nake ji, ban ɓoye miki ba. Ina tsoron in sauko in tarar da keken ɗinkinki an lulluɓe shi da zane.

Baffa tun jiya ya kasa haɗa ido da ni. Ɗazu ya shigo ya ce gobe da sassafe zai bi ta kwazazzabo, gefen kogi, doguwar hanyar da doki ba ya bi, shi da gwiwarsa mai ciwo. Ya ce shi ya ɗaure ni, shi zai je ya tsuguna gaban mahaifinki. Amma sharaɗin ni ne da kaina, kuma ni ga ni nan. Sai Kaka ta ɗaga hannu ta cire 'yan kunnen da ban taɓa ganin kunnenta babu su ba, ta ba Baffa ɗaya, ta damƙa mini ɗaya.

"Riƙe wannan, ɗan dukushina. Yarinyar da ta karɓi ɗaya za ta jira ɗan'uwansa. In kuma ba ta jira ba, ka san matsayinka."

Wanda ta ba Baffa, shi ne za ki samu a ƙulle cikin wannan takarda. Ban cika sharaɗi ba, ba ni kuma da bakin da zan ce na cika. Abin da ya rage yana hannunki, ke kaɗai mahaifinki ke kasa ce wa a'a. Ki roƙe shi, farin watana, ki bar motar Juma'a ta tafi babu ke. Da zarar mashiga ta buɗe zan sauko, ko a kan doki, ko da sanda, ko da rarrafe.

In kuwa kin ga tafiyar ce alheri gare ki, ba zan zage ki ba, ba zan bari kowa ya zage ki ba. Roƙo ɗaya nake yi: kada ki ba Baffa ya dawo mini da shi. Ki tafi da shi Mosko. Ɗayan yana nan a aljihun ƙirjina, kuma ba zai shiga kunnen wata 'ya mace ba har a mai da ni ƙasa.

Naki a saman dutse, naki a ƙasansa, naki ko kin jira ko ba ki jira ba,

Eldiyar