Matar da Ke Cikin Hoton Eufemio

Zuwa ga Yokasta, ɗiyar ƙanwata,

Allah ya yi miki albarka. Ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki.

Ni Eufemio Taveras, aji biyu na yi a sakandare. Da goge takalma na fara, na sayi babur, na buɗe shago, na ɗora bene a Villa Riva, ba wanda ya taimake ni da ko peso ɗaya. Na yi rawar bachata tun ana kiranta kiɗan mashaya da karuwai.

Yau kwamitinku na bikin gargajiya ya manna hotona a bango, an rubuta "wani baƙauye da abokiyar rawarsa, 1974". Wai kuma in zo ba takalmi, da yagaggiyar malfa, don Turawa su ɗauke ni hoto. Tir. Talakawa ne mu, amma sai ki ga fuskarki a takalminmu. Rawar a ƙafa take, kan tayil ɗaya. Waɗannan masu murɗe 'ya'yan mutane kamar ana matse wanki, ban san me suke yi ba.

A sa sunana.

Kawunki.

*

Kawu, a sa mini albarka.

An janye maganar malfa, na yi musu tatas. Amma mutum biyu ne a hoton, ba zan rubuta ɗaya in bar ɗaya ba. Na tambayi Mama, ta tofar da yawu ta ce, "Waccan 'yar mashayar? Kada ki kawo mini zancenta gida." Tsofaffin unguwa kuwa sun ce kafin ta kama hannunka tafiyar agwagwa kake yi. Ranar Juma'a za a buga allon sunayen da za a sa a ƙarƙashin hoton. Wace ce ita?

A huta lafiya.

'Yarka Yokasta.

*

Yokasta,

Allah ya yi miki albarka. Hassada ce ke cin tsofaffin nan, amma ba su yi ƙarya ba.

Sunanta Brígida Peguero. Ita ta koya mini rawar. Da na fara neman auren 'yar mai gonar koko, sai muka haɗu da Brígida a kasuwa, ta gaishe ni, na kau da kai. Ta rasu a Santiago, ban je jana'iza ba. Shekara hamsin ina ƙyamar munafuncin garin nan, ashe har da ni a ciki.

Ki rubuta sunanta da manyan haruffa, uwarki ta yi ta tofi. Nawa a ƙasa, cikakke: Eufemio Taveras Rosario. Kada a rage mini harafi ko ɗaya.

Kawunki.