Hoton da Na Sa Aka Goge

Zuwa ga Baban Nusaiba, sanyin idona, inuwar gidana, ruwan farko a kan busasshiyar gona,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya mutanen Safana, ya ciwon ƙafar nan? Ina fata kana shan maganin, ba ajiyarsa kake a aljihu ba.

Ka san ni. Ni ce mai ƙwace waya a hannun 'yan mata, mai wa'azin kamun kai har maƙwabtanmu na Batsari sun haddace. Yau ga ni na kulle ɗaki ina rubuta wa mijina wasiƙar soyayya. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige!

Hoton nan da ka turo wayar Nusaiba, ka ce ta nuna mini wai ni ka tuna, ban ko dube shi da kyau ba. Na ga wani ja-ja kamar hayaƙi, na ce dattijo da furfura ke aiko zancen samari ta hannun 'yarsa? Na sa ta goge, na kira ka na wanke ka tas, yara na ji. Ka ce to. Tun ranar, Juma'a sai ta zo ta wuce ban ji babur ɗinka a ƙofar gida ba.

Sai jiya, Nusaiba tana tsintar shinkafa, ta yi mini bayani ba ta ɗago kai ba. Wai na'urar hangen nesa da aka harba sama ce ta ɗauko shi. Gajimaren ƙura ne da taurari ke samuwa a cikinsa da ikon Allah. Ido ƙurar kawai yake gani, na'urar ce ke ratsa ta ta hango hasken. Subhanallah! Nan take na tuna ƙauyenmu Darini lokacin shiƙar gero, ƙaiƙayi ya lulluɓe ni, ranar la'asar a bayana, ka tsaya da kekenka gaisuwa ta ɓace maka. Ashe abin da ka gani ke nan? Ashe har yau kana hango yarinyar nan a cikin duk faɗan da nake yi?

Wai masana na kiran wurin na kusa, alhali haskensa sai ya yi ɗaruruwan shekaru a hanya. Ni ma ina kusa, muradin raina, nawa hasken ne ke jinkiri. Gidan nan ba kai rijiya ce ba guga.

Amma kai ma, ta hannun yarinya? Wannan ba tsari ba ne, ko gobe zan faɗa. Sai dai ka zo in faɗa maka kana zaune a kan tabarmarka. Ka yafe mini, don Allah. Ka zo Juma'ar nan, ka taso da rana saboda hanya. In yara sun tafi Islamiyya ran Asabar ka nuna mini shi da kanka. Wallahi zan duba har hannunka ya gaji.

Taka, ba canji, har ranar da za a ɗauke ni,
Saude