Yaren da Ya Rage a Bakin Malam

Litinin, 3 ga Fabrairu

Na yi rajista. Ni, tela, mai jikoki, wai ɗalibar Latin. Ko a nan da babu mai karantawa sai da na ji nauyin rubuta shi.

Auta ce ta yi mini komai a kwamfutarta. Karatu ne daga nesa: su turo darasi ta intanet, in yi aikin gida in tura musu, ranar Asabar da yamma kuma a haɗu da malamar ta bidiyo. Da aka zo wurin tambayar dalilin shiga, Auta ta ɗago ta dube ni. Na ce ta rubuta sha'awa. Ta ce, "Mama, sha'awa?" Na ce ke dai rubuta.

Dalilin yana kwance a ɗaki. Tun da ɓarin jikin Malam ya shanye maganarsa ta ɗauke. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a gaban allo, yau ko ruwa ba ya iya roƙa. Hausa babu, Turanci babu. Sai wasu kalmomi da yake jerowa in ina goge masa jiki, kamar mai waƙa. Na ɗauka sambatun ciwo ne. Yayarsa ce ta ji ta ce Latin ne, shi ya fara koyarwa yana saurayi, kafin a daina yinsa a makarantarsu ya koma tarihi. Auta take kallo tana bayanin. Ni da nake tsaye da bahon ruwa ko inda nake ba ta duba ba.

Ina so in san abin da mijina yake cewa. Shi ke nan.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Darasi na ɗaya ya zo. Da Turanci suke bayanin, ni kuwa a aji uku na sakandare na tsaya. Sai na nemi ma'anar Turancin kafin in kai ga Latin ɗin.

Auta ta buga mini takardun na tafi da su shago. Ina cikin dubawa wata ta shigo karɓar ɗinkinta, na yi wuf na tura su ƙarƙashin yadi kamar an kama ni da kayan sata. Alli ya ɓata shafi biyu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ajin farko. Ban kunna kyamara ba, na ce ta lalace.

Kowa ya gabatar da kansa. Lauya, likitar dabbobi, yara 'yan jami'a, da wani dattijo mai gemu da ya yi ritaya daga banki. Da aka zo kaina na ce ina harkar tufafi. Harkar tufafi! Keken ɗinkin da ya ciyar da gidan nan lokacin da albashin Malam ba ya kai mu ko'ina, yau shi nake ɓoyewa.

Wannan ma mai sauƙi ne. Ana tsakiyar koyon gaisuwa, salve, wai salwe ake faɗa, Malam ya yi irin nishin da na sani. Na tashi na sa masa fo. Ashe makirfo a buɗe yake. Sun ji komai. Ƙarar robar, da ni ina cewa ɗaga kaɗan mana, Malam, da sauran abin da ba zan rubuta ba. Da na dawo malamar tana cewa a hankali, wani ya manta makirfonsa. Ba ta kama suna ba. Amma sunana ne yake haske a gefen allon.

Na tona wa Malam asiri a gaban baƙi. Shi da ko hula ba ya yarda a gan shi babu ita.

Talata, 11 ga Fabrairu



Da safe ina shafa masa mai a kafaɗa ya fara jerin nan nasa. Yau kunnena ya kama ta farko: amo. Ya dube ni ya sake, amo. Na duba a jerin kalmomin da suka turo. Ina so. Ina ƙauna. Ma'anarta ke nan.

Tun da muke da Malam bai taɓa faɗa mini wannan kalmar ba. Ba irinsa ba ne. In ya ji daɗin abu sai ya ce ba laifi. In na yi kwalliya ya ce za a fita ne? Sai yanzu da komai ya zube daga bakinsa, wannan ce ta rage, kuma ni yake kallo yana faɗa.

Na kasa riƙewa, na kira Yaya. Ban san abin da ya kai ni ba, ina jin so nake ta san ni ma na gane wani abu. Na ce, "Yaya, kin san me ƙaninki yake ce mini kullum?" Na gaya mata. Sai ta ce, "To, madalla."

Na yini ina ɗinki ina murmushi kamar wata yarinya.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Darasi na biyu. Malamar ta sa wani teburin kalmomi a allo, ta ce wannan ne abin da ɗalibin Latin yake fara haddacewa tun zamanin kakanni, kowa ya buɗe makirfo a faɗa tare.

Amo, amas, amat, amamus, amatis, amant.

Har da muryar waƙar. Daidai yadda Malam yake yi, har inda yake jan numfashi. Ina so, kana so, yana so, muna so. Hadda ce kawai ta 'yan aji ɗaya. Da a ce da kalmar dafa abinci aka fara teburin, da ita zai riƙa jero mini.

Kuma Yaya ta sani. Tsohuwar shugabar makaranta ce, ta sani sarai lokacin da nake zuba mata a waya.

Na rufe kwamfutar ana tsakiyar amatis.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ya yi jerinsa da safe. Na ce masa na ji, juya in goge bayan.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Yaya ta zo dubiya. Na yi ta neman aiki a kicin don kada mu haɗa ido. Da za ta tafi ta same ni ina wanke kofi, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta.

"An kai ku teburin?" Na ce an kai mu.

Ta ce, "Na so in gaya miki. Sai na ji muryarki."

Ban san me zan yi da wannan ba. Da gori ta yi mini da na fi sanin inda zan ajiye shi.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Ban shiga ajin shekaranjiya ba. Aikin gida ya dawo, ja ya fi baƙi yawa. Duk kuskuren iri ɗaya ne: wutsiyar kalma. A Latin wai ƙarshen kalma ne yake nuna wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa. Ni kuwa sai in bar su duk yadda na same su.

Malamar ta rubuta a ƙasa cewa ba ta gan ni ba ranar Asabar, tana fata lafiya, da mai jikin. Da mai jikin. Wato ta gane. Tana so in naɗi muryata ina karanta jimloli in tura mata.

Na ce wa Auta ina jin zan bari. Ta ce duk yadda na gani. Na so ta yi mini musu.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Bari in rubuta yadda abin ya faru kafin in fara ƙara masa gishiri, tunda na ga halina.

Bayan azahar ne, Malam ya rufe ido, na ɗauka barci yake. Na zauna a kujerar gefen gado da wayata, na ce bari in gwada naɗin nan sau ɗaya, in ya ƙi shi ke nan. Ƙasa-ƙasa na karanta: femina aqua portat. Mace tana ɗauke da ruwa.

Sai na ji bam! Ya daki katifa da hannunsa mai lafiya. Na zabura, na ɗauka wani abu ne ya same shi. Idonsa a buɗe, a kaina, girar nan a haɗe.

"Aquam."

Na ce, Malam?

"Aquam!" Har da rufe leɓe a ƙarshen, mmm, yana nuna mini da yatsa.

Na ce femina aquam portat. Ya ce, "Iterum." Wannan na san ta, malamar tana faɗa: sake. Na sake. Iterum. Na sake. Sannan ya mai da kai kan filo ya ce, "Bene." Wato ba laifi.

Tun da ya kwanta, yau ne karo na farko da aka faɗi abu ya ba da amsar abin da aka faɗa. Yana ciki. Duk watannin nan yana ciki yana jin mu.

Na shiga banɗaki na yi kuka. Amma ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba kukan murna ba ne zalla. Haushi ma na ji. Wannan yatsan, wannan girar. Da su ya gyara mini Turanci a gaban abokansa muna sabon aure, har na daina yi in yana wuri. Mutum ya rasa sunana, ya rasa sunan 'ya'yansa, amma bai rasa gyara ni ba.

Wace irin mace ce mijinta zai yi magana bayan wata da watanni ta tsaya jin haushi?

Na tura naɗin. Da muryarsa a ciki, ban iya gogewa ba.

Asabar, 1 ga Maris

Ya sa na jingina shi da filo, na juyo masa da kwamfutar. Ya kalli ajin daga farko har ƙarshe. Duk lokacin da Mai Gemu ya yi kuskure sai ya ja tsaki. Na duba makirfo ya fi sau nawa.

Talata, 11 ga Maris

Asibiti. Auta ta ba mai koya masa magana labarin aquam da zumuɗi. Matar ta ji daɗi, ta ce alama ce mai kyau. Sannan ta ce amma abin da yake buƙata yanzu kalmomin gida ne: ruwa, zafi, zo, a'a. A yawaita yi masa Hausa, a nuna masa abu a faɗi sunansa. Latin ba zai cutar da shi ba, sai dai ba da shi zai ce cikinsa na ciwo ba.

Gaskiya ta faɗa.

A mota Auta ta ce, "Kin ga Mama, sai ki huta da wahalar nan. Dama don Baba kike yi." Na ce haka ne. Na juya ina kallon titi. Ji na yi kamar an zare mini wani abu daga hannu, kuma ba ni da bakin cewa nawa ne.

Asabar, 15 ga Maris

Na ce wa Auta ina da ɗinkin gaggawa, ta zauna da babanta. Na tafi shago na ja ƙofa na shiga aji a waya.

Ƙarya da furfura a kaina. Wasu matan in sun yi ƙarya don wani babban abu ne. Ni don in je in ji yadda ake cewa manoma da yawa.

Agricolae.

Kyamarar ta kunnu da kanta, ko ni na taɓa, oho. Malamar ta ce, a'a, yau ga fuskarki. Likitar dabbobi ta tambaya ko keken ɗinki ne a bayana, wai irin na kakarta. Na ce shi ne. Ba wanda ya suma.

Da na dawo Malam ya bi ni da ido tun daga ƙofa. Ya san yau Asabar. Na kasa kallonsa.

Litinin, 24 ga Maris

Ya ce ruwa! Da Hausa. Auta na riƙe da kofi ya ce ruwa, ta saki kofin ya fashe. An kira kowa a waya. Yaya ta zo ko mayafinta ba ta daidaita ba, ta rungume ni, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na yi murna, Allah ya sani na yi murna.

Abin da ya fara zuwa raina dai ba zan rubuta shi ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Kalmomi suna dawowa ɗaya-ɗaya. Zafi. Bari. Auta. Shekaranjiya ya ce Tela, sunan da yake tsokanata da shi tun yana kawo wandunansa shagon babana a rage masa tsawo. Yanzu ya samu abin kira, ba ya gajiya. Tela, filo. Tela, taga.

Yau da hantsi ina teburin falo da aikin gida. Na daina kai shi shago, ban dai yi wa kowa sanarwa ba. Wata jimla ta tsaya mini: femina nautae viam monstrat. Wutsiyar nautae tana iya zama abu biyu ko uku. Da farko na rubuta matar matuƙin jirgi tana nuna hanya. Sai na ga bai zauna ba, kamar hannun riga da aka ɗinka a baibai. Nuna wa wa? Ina jin abin yana zuwa, saura kaɗan.

Sai ga muryarsa daga ɗaki. "Tela."

Na saurara. Ba kiran ciwo ba ne, na san wancan. Na taga ne.

Na ce, "Ina zuwa, Malam."

Mace tana nuna wa matuƙin jirgi hanya. Na rubuta, na sake karantawa, na duba wutsiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya sake kira. Na sa aya, na rufe biro, sannan na tashi.

Da na shiga ya dube ni ya dubi agogon bango. Ban ba shi haƙuri ba. Mantawa na yi, ina ji.

Tagar dai na buɗe masa.