Giyata Tana Hannun Pam

Jos Jarawa,
9 ga Satumba, 2006.

Zuwa ga 'yata Ummukulthum,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya ke da maigidanki da yara, ya aikin asibiti? Jikina da sauƙi, alhamdu lillahi. Ƙafar hagun dai tana nan yadda shanyewar jikin ta bar ta, kamar ta aro.

Ba ƙafar ce ta sa na ɗauki biro ba. Ummu, an ci amanata a cikin gidana. Kin san kekena na tsere, mai kai kamar ƙahon rago, wanda na saya hannun Baturen kuza a 1974. Da shi na yi shekara ashirin da shida ina bin rugage ina yi wa shanu allura, daga Naraguta har bayan duwatsu. To ran Talata ina barcin rana mahaifiyarki Asta ta buɗe wa Pam zaure ya tura shi. Pam dai mai gyaran keke na bakin titinmu, wanda shekara talatin ban yarda wani ya taɓa keken nan ba sai shi.

Jiya ya dawo min da shi, na kusa kasa gane shi. Giyar keken, wadda ake canjawa a hawa da gangara, guda goma ce; ya kwance ta, ya bar ɗaya tal. Ya datse sarƙa. Ya kai firiwil, wannan mai haƙora na tayar baya, unguwar Laranto an yi masa walda, wato yanzu muddin taya na juyawa feda ma dole ta juya, babu sakin ƙafa a huta. Ya ɗura yashi a tayar baya, ya ɗage ta kan wani ƙarfe, ya dasa min keken a tsakar gida kamar injin markaɗe. Wai ƙafar dama za ta tura, nauyin taya ya ja ta hagu. Yaushe Pam ya zama likita?

Na ce ya dawo min da giyata. Ya ce tana cikin gwangwanin madara a rumfarsa, ya ƙara da cewa, "Oga Hammawa, in kana son kayanka, zo ka karɓa da ƙafanka." A gaban matata ya faɗa min haka! Na ce ya fita, kada ya ƙara taka min zaure. Wallahi raina ya ɓaci, ko tuwo ban iya ci ba.

Maganar da kika yi cewa in ban taka ba kafin Babbar Sallah za ki ɗauke ni zuwa Zariya, ki bar ta. A gidan nan na haife ki, ba kuma zan je in ƙare kwanana a gidan suruki ana ɗaga ni ana kwantarwa ba.

Ki gai da kowa.
Mahaifinki,
Hammawa.

28 ga Oktoba, 2006.

Ummukulthum,

Barka da Sallah, da fatan kun sha ruwa lafiya. Saƙon magani ya iso, Allah ya yi albarka.

Ashe da ke aka ƙulla. Asta ta yi suɓutar baki, ta ce ke kika yi wa Pam waya kika bayyana masa irin keken da ake sa masu irin ciwona a asibitinku, shi kuma ya ce zai iya haɗawa. Ku uku kuka zauna a kaina, ni mai keken ba wanda ya tambaye ni. Na ji zafin wannan fiye da na waldar.

Na hau keken, amma kada ki yi murna. Na hau ne don in nuna musu aikin banza ne. Asta ta tallafe ni, ta ɗaure min ƙafar hagu a feda da tsohuwar roba. Da na tura ta dama sai abin ya ɗauke ni, na so in tsaya ya ƙi, ƙafar da ta yi wata biyar a kwance tana sama tana ƙasa ba da izinina ba. Na zagi Pam tas, har maƙwabciyarmu Suzana ta leƙo ta katanga ta tambaya ko lafiya.

Yanzu kullum bayan asuba ina yi, a cikin sanyin nan. Ran Laraba na ji babban yatsan ya danna fedar da kansa. Ban gaya wa Asta ba, don na san kafin azahar Pam zai ji. Shi kuwa ko leƙowa bai yi ba. Na ce kada ya zo, amma mutumin kirki ai sai ya zo a sake korarsa.

Mahaifinki,
Hammawa.

16 ga Disamba, 2006.

'Yata Ummu,

Ina gaishe ki da kyau, ya sanyi, ya yara?

Daga ƙofar gidana zuwa rumfar Pam taku ɗari uku da goma sha biyu ne. Jiya na ƙirga, da sanda, na huta sau huɗu. Na hana Asta bi na. Duk hanya ina shirya maganganun da zan gaya masa, wata uku ina tara su.

Na same shi tsugunne yana liƙin taya. Da ya ɗago ya gan ni a tsaye sai ya saki abin da ke hannunsa. Ya shiga ciki ya daɗe, ya fito yana goge ido wai hayaƙin risho ne. Ya miƙo min gwangwanin. Giyata na ciki, ya wanke ta da kananzir, ya shafe ta da mai, ya naɗe kowace ƙusa daban a tsumma. Ya ce in na ce a mayar, gobe zai sayo sabon firiwil ya mayar. Duk maganganun nan nawa ban tuna ko ɗaya ba, sai na ce shayin da ya ajiye a gefensa ya yi sanyi.

Kada ki ɗauka na huce. Keken da ya lalata ya lalata, kuma ke ma da sauran magana tsakaninmu. Ku zo Sallah ke da yara, amma kada ki gyara min ɗaki a Zariya.

Gwangwanin kuwa na bar shi a rumfar. Na ce masa yana da nauyi, sai gobe in na dawo. Goben ma ba zan ɗauka ba.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki,
Hammawa.