Motar da Baba Ba Ya Ji

Kakuri, Kaduna

Zuwa ga yayana Sylvanus,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarmu Gloria da 'ya'yana Favour da Hope. Allah ya ƙara muku lafiya, ya kare ku daga sanyin Ingilar nan da ko a labari ba na son ji, ya sa albarka a aikin hannunku. Mu ma nan muna cikin alherin Allah. Damina ta yi ƙarfi bana, har katangar bayan gida ta fara tsagewa, amma masarar da na shuka a gindinta ta yi kyau. Ƙaninmu Matthew da iyalinsa suna lafiya a Mahuta. Inna Celina har yanzu gwiwa ce ke damunta, sai dai ba ta hana ta zuwa zumuntar mata ba, kuma ba ta rage mata faɗa ba. Baba ne dai ba ya jin daɗi sosai, tari ya riƙe shi, kuma a kansa ne na ɗauki biro.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna a hoto alhali kowace Lahadi muna magana a waya. Dalilin shi ne duk sanda ka kira, Baba na zaune kusa da ni, kuma ka san tun da ciwon suga ya tafi da idonsa kunnensa ya zama abin tsoro. Ko a kicin na yi raɗa sai ya tambaye ni da wa nake. Don haka a makaranta nake rubuta maka, lokacin da ɗalibaina suka fita hutun tara.

Da farko dole in sake yi maka godiya kan motar lantarkin da ka aiko, da solar da ka sa aka kafa don cajinta. Kada ka ɗauka ban san darajar abin da ka yi ba. Ranar da aka kawo ta layinmu ya cika kamar ana rabon shinkafa. Fara ce sol, sumul, ba kwana ba kusurwa, fitilunta sirara kamar an ja layi da alli. Malam Musa mai shago ya zagaya ta yana neman bututun salansa bai samu ba, ya koma ya buɗe gaba yana neman inji ya tarar da wurin ajiye kaya, ya ce lallai duniya ta zo ƙarshe. Ni kaina na yi kwanaki ina jin kunyar shiga cikinta da takalmin makaranta.

A gudu kuwa ba a magana. Matthew ya ɗauke ni a cikinta zuwa Mahuta, da ya taɓa totur sai na ji bayana ya manne da kujera, kafin in ce wayyo mun bar motocin haya a baya. Ba giya, ba kuloci, ba jira ta yi zafi da safe. Sitiyarin da yatsa ɗaya ma sai ka juya shi, kuma a kwana tana kama ƙasa daram saboda nauyin batirin da ke ƙarƙashinta. Na huta da layin gidan mai, na huta da warin fetur a zanena. Aibinta a wurina kaɗan ne. Cikinta ya yi kusa da ƙasa, ramukan hanyar Narayi kuma ba su san ta zo daga Turai ba, kullum sai na ji ta gogi ƙasa zuciyata ta tsinke. In hadari ya kwana biyu rana ba ta fito ba, caji sai a hankali. Bakaniken Baba kuma da ya leƙa ta ya wanke hannunsa, ya ce wannan sai masu gyaran waya.

Gwaggo kuwa, tsohuwar Fijon Baba, ka san halinta. Sai an lallashe ta da safe, ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta yarda ta tashi. Sitiyarinta sai ka ci tuwo ka ƙoshi, fentinta ya koɗe, ƙofar baya sai an ɗaga ta kafin ta rufu. In ta hau gangaren Barnawa da mutum huɗu har keke mai ƙafa uku wuce ta yake yi. Amma rami ba ya ba ta tsoro, kuma duk abin da ke damunta tana faɗa da bakinta. Da a ce ni kaɗai ce, Yaya, da ban tsaya kwatanta su ba, sabuwar ta fi ta ko ta ina. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma akwai abin da ba ya fitowa a wayar bidiyo.

Ranar farko na kama hannun Baba na kai shi ya ga kyautar ɗansa yadda yake ganin abubuwa yanzu, wato da tafin hannu. Ya shafa ta daga gaba har baya, a hankali, ya dawo gaban ya sake shafawa yana neman hancin da iska ke shiga inji, bai samu ba. Ya ce motar ba ta da fuska. Da ya zo ƙofa ya yi ta lalube bai sami mariƙi ba, don nata a ɓoye suke cikin jiki sai an danna makulli su fito. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka yana tuƙa manyan injinan masaƙar Kakuri, ya tsaya gaban mota bai san ta inda ake shiga ba, ga maƙwabta na kallo. Ya yi dariya ya sa maka albarka, amma ni na ga yadda ya janye hannunsa ya sa a aljihu.

A cikin Gwaggo Baba ba makaho ba ne. In ina kai shi asibiti yana zaune a gefena, daga kukan inji da canjin giya yake sanin inda muke. Zai ce mun tsallake layin dogo, zai ce ga gangaren coci, zai ce in sa ta uku na cika wahalar da ita. Har faɗa muke yi, ina ce masa ni ke tuƙi ko shi. A sabuwar kuwa shiru yake yi, ya riƙe kujera da hannu biyu. Wata rana muna tsaye a cunkoson kasuwa ya tambaye ni ko tafiya muke yi ko a tsaye muke. Da na ja ta kuma kansa ya juya, har sai da na tsaya ya yi amai a bakin hanya. Tun daga nan ya raɗa mata suna Bebiya, sunan kuma ya bi ta a layi.

Wanda ya fi min ciwo shi ne maganar get. Tun rasuwar Mama, da Matthew ya koma Mahuta, ni da Baba kaɗai ne a gidan, kuma aiki ɗaya ya rage masa wanda ba ya yarda kowa ya taɓa. Da yamma yakan zauna a kujerarsa ƙarƙashin mangwaro da rediyo a cinya. Tun ina kwanar layi yake gane kukan Gwaggo cikin na duk motocin Kakuri, ya tashi da sandarsa ya zare sakata, kafin in iso get a buɗe yake, shi kuma yana tsaye a gefe kamar soja yana ce min sannu da aiki. Don wannan yake wanka da la'asar, don shi yake sa riga mai guga. Da Bebiya ta zo sai ya zama ina isowa bai sani ba. In na danna hon ya firgita har sanda ta faɗi, in na fito na buɗe da kaina ya ji ƙarar sakata ransa ya ɓaci. Matthew ya kunna wani ɗan ƙugi da aka sa mata don masu tafiya a ƙasa, Baba ya saurara ya ce wannan ai kukan firij ne, kuma ko janareta ɗaya aka tayar a layi ya haɗiye shi.

Ranar Alhamis ta makon jiya na taso makaranta da wuri saboda ciwon kai. Na tarar masu kwasar shara sun bar get a buɗe, Baba na kujerarsa kai a sunkuye. Na ɗauka barci yake yi, na ce kada in tashe shi, na sulale ta gefensa na ajiye motar, na shiga ɗaki na sha magani na kwanta. Ashe idonsa biyu, rediyo ya kara a kunne yana saurare, janaretocin layi kuma na ruri, bai ji shigowata ba. Can ya laluba ya ji get a buɗe, ya rufe, ya koma yana jirana. Lokacin dawowata ya yi ya wuce. Hadari ya haɗu, ruwa ya kece, shi kuwa ya tashi ya tsaya a bakin get da hannunsa kan sakata, wai kada in iso in fito cikin ruwa don buɗewa. Malam Musa ya hango shi ya roƙe shi ya shiga ciki, ya ƙi, ya ce 'yarsa ba ta dawo ba, kuma ka san yadda hanya take a zamanin nan. Ya sa Malam Musa ya yi ta kiran wayata, ita kuma tana cikin jaka a mota. Tsawa ce ta tashe ni. Da na fito na gan shi sharkaf yana rawar sanyi, ga motar a bayansa, da ya miƙa hannu baya da ya taɓa ta.

Bai yi min faɗa ba, Yaya, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce ashe ina ciki, to madalla. Sai da na sauya masa kaya ina shafa masa man zafi a ƙirji ya yi maganar da har yau take hana ni sukuni. Ya ce, “Da ido ya tafi na haƙura, na ce ai kunne na nan. Yanzu kuma an kawo abin da kunne ba ya kamawa.” Na shiga kicin na yi kuka har na gode wa Allah. Likita ya ce sanyi ne ya shiga ƙirji, ya ba da magani, tarin kuma yana raguwa. Amma tun ranar Baba bai sake fita ƙarƙashin mangwaro ba. Yana ɗaki, ba ya neman riga mai guga, abinci sai na zauna a kansa. Tsoro nake ji, don kuwa haka Mama ta fara kafin ta kwanta ciwo.

Yanzu ga inda maganar take. Kai ne ka ce wa Matthew a sayar da Gwaggo saboda ta tare wuri, tana shan mai, hayaƙinta kuma ba ya yi wa ƙirjin Baba kyau. Duk gaskiya ka faɗa. Matthew ya sami mai saye, wani mutumin Sabon Tasha da zai riƙa ɗaukar doya da ita, kuma ranar Asabar zai zo. Na zaci Baba zai ƙi. Sai ga shi da kansa ya ciro makullin daga ƙarƙashin matashi ya miƙa min, ya ce yaro ya yi abin kirki daga nesa, kada a sanyaya masa gwiwa, kuma kada in kuskura in faɗa maka komai. Roƙonsa ɗaya ne. Wai in mutumin ya zo a fito da shi Baban bakin get, a ce wa mutumin ya bar ta ta yi zafi tukuna, kada ya ɗora ƙafa kan kuloci, kuma ya tafi a hankali don Baba ya ji ta har ta tsallake layin dogo.

Na saɓa wa Baba na faɗa maka, in ya ji na san zan sha faɗa, na kuwa yarda. Roƙona shi ne ka bar mana Gwaggo. Bebiya ta koma hannun Matthew, shi ke da doguwar hanya, kuma tun zuwanta yawunsa ke zuba a kanta. Ni zan koma layin mai da sitiyari mai tauri, ban damu ba, in dai zan shigo kwanar layi in tarar da get a buɗe. Matthew ba zai janye cinikin ba sai da izininka, Baba kuma ba zai karɓi makullin daga hannuna ba sai ya ji daga bakinka. Ka kira shi kafin Asabar, kada ka jira Lahadi. Ka yi kamar tunaninka ne, ka ce ka fasa, kana so in ka zo Kirsimeti Gwaggo ce za ta ɗauko ka. An ce gani ya kori ji, to shi Baba ji ne kaɗai ya rage masa, kada mu ƙwace shi da hannunmu.

Ka gaishe min da Gloria sosai, ka ce mata na gode da maganin gwiwar Inna Celina. Ka shafa min kan Favour da Hope, ka ce kakansu na tambayar ko har yanzu suna iya gaisuwa da Hausa. Matthew da matarsa Esther suna gaisuwa, Malam Musa ma ya ce in miƙa tasa. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Kujerar Baba tana nan ƙarƙashin mangwaro, ruwa na dukanta. Matthew ya so ya shigar da ita ciki, na ce ya bar ta sai mun ji daga gare ka.

Taka ƙanwa,
Scholastica