Ki Cire Mata Hular

Zuwa gare ki Mai Wushirya, sanyin idona, inuwar da nake tunawa duk sanda rana ta tsaya a tsakar kaina, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, matata kuma uwar 'yata.

Yau wata goma sha ɗaya da kwana shida rabona da gida. Na bar ki da cikin wata biyu, kina tsaye bakin ƙofa kina rufe hawaye da dariya. Tun ranar nake garejin manyan motocin nan, kwance taya, ɗaura taya, hannuwana sun yi kanta har sabulu ya sallama su. Mu shida ne a ɗaki ɗaya, kowa da tabarmarsa da damuwarsa. Ban taɓa kawo miki kuka ba. Yau kam na kawo.

Hoto ashirin da uku kika turo min na 'yarmu, kowanne da hula a kanta, an ja ta har gira. Hulunan da na aiko ne, na gane su. Ni kuwa sakarai ina ta yawo da waya ina nuna wa abokan aiki, wai su dubi yadda uwarta ke ji da sayayyata. Sai makon jiya ƙanwata ta yi suɓutar baki. Ta ce an haifi yarinyar da ƙaramin kai, likita ya ce cutar Zika ce, wadda sauro ke kawowa, ta kama ki kina da ciki. Ta ce kukanta ba ya yankewa, ƙafafunta na sanƙarewa, nono ma sai da dabara take kamawa. Ta ce Inna na faɗa wa duk wanda ya shigo cewa daga danginku ne, a namu ba a taɓa gani ba. Ke kuma kin fara ɗaure kaya, za ki koma gidanku da ita.

Wata huɗu, Mai Wushirya! Wata huɗu kina ce min lafiya lau. Baƙo ne ni? Ko kin ɗauka ni mai aiko da huluna ne kawai? Na yi fushi, ba zan ɓoye miki ba, kwana biyu ban ci abinci ba. Amma da na huce na gane: kin ji abin da uwata ta ce, sai kika ji tsoron ɗanta ma haka zai ce. Ban ga laifinki ba. Ciwo dai ya yi min.

To saurari nawa. Kin tuna tsofaffin tayoyin nan goma sha huɗu da na jera a bayan tagarki, na ce in na dawo zan sayar? Kike tsokanata, kina kiran su dukiyar maigida. Ana gobe zan tafi kina zaune a kan ɗaya kina tsefe kai, hasken yamma na sauka a wuyanki kamar zuma, ni ina ciki ina ɗaura miki sabon gidan sauro. Na leƙo ta taga ina cika baki na ce, "Sauron da zai taɓa ki sai ya fara bi ta kaina."

Na je wurin nas ɗin asibitin da ke kusa da garejinmu na tambaye ta. Ta ce wannan sauron ya fi cizo da rana, lokacin da gidan sauro ke naɗe a sama, kuma ba inda ya fi son hayayyafa kamar ruwan saman da ya kwanta a cikin taya. Ni da na shekara ashirin ina kifar da taya, ina ganin 'yan tsutsotsin nan na wutsil-wutsil a ruwan! Kuma da kika ce min ƙuraje sun feso miki, idonki ya yi ja, me na ce? Na ce zafi ne, zai wuce. Nas ɗin ta ce ba mai iya rantsuwa a kan sauron da ya cije ki, unguwa cike take da su. Na yarda. Amma in dole sai an nemi inda za a ɗora laifi, a fara da bayan tagarki, kafin a je danginku.

Haka na faɗa wa Inna a waya, na kuma sa an kwashe tayoyin. Can na ji tana kuka. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa, ta rasa inda za ta sauke shi sai a kanki. Ban ce ki manta ba.

Ba zan yi miki alkawarin ƙarya ba, farin watana. An ce ba maganin da zai mayar da kanta kamar na sauran yara. Ban sani ba ko za ta yi tafiya, ko za ta kira ni Baba. Amma an ce a duba mata ido da kunne da wuri, a riƙa motsa mata gaɓoɓi kullum, yana taimako. Hannun da ya iya tayar tirela ba zai koyi miƙe ƙafar jaririya ba? Ki koya min.

Kar ki tafi. Ina rijiya za ta je ta bar mai ƙishi? In kuma kin riga kin tafi, can zan same ki, in durƙusa a gaban mahaifinki. Roƙona ɗaya: ranar da zan shigo, ki cire mata hular. Kan 'yata nake so in sumbata, yadda Allah ya yi shi.

Ni ne naki, mijinki mai baƙin hannu, yau da gobe, har ranar da ƙasa za ta rufe min ido.

Tun zuwana nake shiga aiki a wasu ranakun hutuna, ina adana su. Ga abin da na iya tarawa: kwana goma sha tara. Biyu na hanyar zuwa, biyu na komowa. Goma sha biyar naku ne, ke da ita.