Yaran Da Ake Ɓoyewa A Lambu

Zuwa ga Baturen Makaranta mai duba ƙasar Bodinga da Shagari,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, ranka shi daɗe. Ni Mamman ne, makiyayi daga wajen Kajiji. Damina biyu na yi a ajin yaƙi da jahilci, sai ka yi haƙuri da hannuna. Kukana a kan ƙanena Altine ne, wanda za a cire daga rajista bayan kaka wai ba shi da kai.

Na farko, ba mu roƙa ba. Dogari ya zo har ruga ya ja shi, uwarmu na kuka, anka kai shi wata elementare can wajen Bodinga. Ran nan ba wanda ya auna kansa. Sai da ya shekara uku, ya so karatun har yana kwana da allonsa, kana anka gano kan babu. Madalla da wanga bincike.

Na biyu, gaskiya ne baƙaƙe na juye masa, wanda ya dubi gabas ya rubuta shi yana duban yamma. Ranar shifta Malam na biyansa da tsumagiya, kowane kuskure bulala ɗaya. Da a ce tsumagiya na koyar da haɗa baƙi, da jakin gidanmu ne akawun Hakimi.

Amma yaron nan ya san shanu arba'in, kowace da sunanta da na uwarta. Da ya zo hutu sai na tuna shanun laka da muke ginawa muna yara. Munka ɗebo laka bakin tafki, munka gina baƙaƙe, kowane da ƙahonsa da tozonsa, munka shanya. Yana shafa su, yana jera su kamar garke za shi mashaya. Kafin hutu ya ƙare yana haɗa kalma goma sha biyu. Ya koma da su cikin ƙwarya yana murna. Malam ya zubar bayan aji, ya ce ba su cikin takardar da ka aiko. Ashe laka ma sai da izinin Bature.

Na uku, duk zuwanka kana yaba ajin nan, ka ce kowa ya iya. Gaskiyarka, ranka shi daɗe. Da an ji ƙugin motarka, Altine da 'yan ajinsu huɗu masu nauyin kai sai lambu, su yi ta ban ruwa har ƙurarka ta kwanta. Albasar da anka sa maka a mota bara, su sunka shayar da ita. Ina fata ta yi daɗi.

Roƙona kaɗan ne. Ka zo ba sanarwa, ka aje mota nesa, ka fara da lambu. A bar sunan Altine a rajista har ka gwada shi da kanka. A bar shi ya shiga aji da ƙwaryarsa, don ya riga ya sake gina wasu baƙaƙen. Laka ba ta cin ko anini na Baitulmali.

Allah shi ba ka lafiya, shi ƙara maka gani, shi sanyaya hannun Malam.

Sunana da ke ƙasa ba ni na rubuta ba, marar kan ne. In ka iya karanta shi, to ka gama rabin gwajin.

Wassalam.

Mamman Kajiji